Talo-talon da na ba Yaya kiwo

Yayata ta rasu bayan ƙaramar sallar da ta wuce. Ita ta goya ni lokacin da mahaifiyarmu ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, kuma a hannunta na girma har aka yi mata aure. Tun da aka yi sadakar arba'in nake son in rubuta wani abu da ya shiga tsakanina da ita tun muna da sauran ƙuruciya, wanda na zarge ta a kansa ba da hakkinta ba, daga baya kuma na yi mata ƙarya. Elementare kawai na yi, ba ni da gwanintar rubutu, saboda haka zan faɗe shi bi da bi yadda ya faru.

A lokacin ina tsaron sito a wani ofishin gona a Dutsin-Ma. Aikina in karɓi iri da taki da garmar shanu, in jera, in fitar idan an kawo takarda. Akwai wani Bature a ofishin, dogo, marar yawan magana, da ke kiwon talo-talo a bayan gidansa. Ba irin baƙaƙen nan ba ne da akan gani jefi-jefi a gidajen masu hali. Nasa farare ne tas, manya, an ce tun suna 'yan tsaki aka kawo mashi su daga ƙasarsu. Ya yi masu ɗaki na katako ya kewaye shi da wayar sauro, irin wadda ke tagogin gidansa. Kullum kafin rana ta faɗi sai an kora su ciki an rufe.

Da ranin da ya biyo bayan samun mulkin kai Baturen ya tashi komawa gida. Ya raba kayansa ga ma'aikata. Ni ya ba ni talo-talo bakwai, maza biyu mata biyar, ya ce in kwance wayar ɗakin ma in haɗa da ita. Ranar da zan kwashe su ya tsaya a bakin ɗakin, ya dafa wayar, ya ce da Hausarsa ta koyo sauro yana kashe waɗannan tsuntsaye, kada in bari su kwana a fili da damina. Ya sake maimaitawa yana kallon idona. Na ce to, ranka ya daɗe.

A raina dariya nake. Mun saba da tsarabe-tsaraben Turawa, su dafa ruwa kafin su sha, su haɗiyi ƙwaya kowace safiya, su tafi ko'ina da gidan sauro. Na ɗauka wannan ma ɗaya ne daga ciki. A ƙasarmu wa ya taɓa jin sauro ya kashe tsuntsu? Zabinmu a kan itace suke kwana damina da rani, ba abin da ke samunsu.

Ban daɗe da aure ba a lokacin, muna zaune a ɗaki ɗaya cikin wani gida na jama'a kusa da kasuwa. Na kira magini ya faɗaɗa mani taga, na buga wayar a jiki, da ragowar kuma aka yi mani ƙofa mai firam. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo. Wani dattijo ya sa yatsa ya taɓa, ya ce yanzu sai ka ce ɗakin Joji, Baturen mulki. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan magana ƙwarai.

Tsuntsayen kuwa ba su da wuri a gidan. Sai na yanke shawarar in kai su wurin Yaya a Tamawa, ta wajen Kurfi, in ba ta kiwo kamar yadda ake yi, idan sun hayayyafa a raba. Duk ƙauyen an san tana da hannun kiwo. Takan sa wa kaza ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe, ta raine su har su girma ba tare da shirwa ta ɗauki ko ɗaya ba. Mijinta manomi ne, kakkaura, mai son raha. Da yake ni ƙanen matarsa ne, wasa ne tsakaninmu, na faɗa mashi abin da na ga dama shi ma ya rama, ba mai jin haushi. Yana kirana akawun taki, ni kuma ina kiransa sarkin malmala.

Na kai su da bazara a kan jakuna biyu, cikin kwanduna. Rabin ƙauyen suka fito. Babban cikin mazan ya buɗe wutsiya ya kumbura, jan naman wuyansa yana reto, mata suka ja da baya suna dariya. Mijin Yaya ya zagaya shi ya ce wannan da ganinsa shi ma akawu ne, ga tinƙaho ga rashin aikin yi.

Ni na zaɓi wurin da za a yi masu akurki. A bayan gidan akwai wata tsamiya mai inuwa, a gefen kududdufin da suka haƙi ƙasar gini. Lokacin a bushe yake. Yaya ta dubi wurin ta ce, "Auta, nan fa in damina ta zauna ruwa ke kwanciya. Sauron wurin nan sai ka ɗiba da ƙwarya." Na ce mata tsuntsayen ƙasar sanyi ne, inuwa da laima suke so, zafi ke kashe su. Ban karanta haka a ko'ina ba, ni na tsara abina, amma na faɗa da muryar wanda ya sani.

Na kafa mata sharuɗɗa uku. Kada su cuɗanya da kajin gari, kada a sake su su yi yawo, kada kuma a yi masu hayaki. Na ukun nan shi ta yi gardama a kai. Al'adarta ce da damina, idan magariba ta kusa, ta tara busasshen kashin shanu da ƙaiƙayi, ta ɗora ɗanyen ganyen ɗaɗɗoya a kai, ta kunna a kusa da turken awaki da akurkin kaji, hayakin ya yi ta turnuƙewa har dabbobin su samu su kwanta. Ta ce haka mahaifiyarmu ke yi. Na ce ban yarda ba, hayaki zai dafar da farin gashinsu. Abin da ke raina shi ne nunin amfanin gona da akan yi bayan kaka. Ina hango kaina tsaye a gaban manyan gari da fararen tsuntsaye bakwai waɗanda ba wanda ke da irinsu, ana tambaya na wane ne.

A nan ne ya kamata in gaya mata abin da Baturen ya faɗa. Ita da kanta ta ambaci sauro, maganar ta zo har bakina. Amma in na faɗa, za ta tambaye ni ina wayar, kuma wayar tana tagata. Na nace a kan sharuɗɗana. Ta ce to, tunda naka ne, yadda ka ce haka za a yi.

Ta riƙe su da amana. Da sassafe takan je ta haƙo gara a suri ta kawo masu, ta haɗa dusa da tsaki da yankakken ganyen zogale. Da na koma ganinsu farkon damina sun ƙara girma, gashinsu na sheƙi. Ta nuna mani inda take share masu sau biyu a rana. Kududdufin ya fara tara ruwa, kwaɗi na kuka a ciki, ban ko kula ba.

Da marka ta kankama saƙo na farko ya iso ta bakin wani mai fataucin hatsi da ke zuwa kasuwar Dutsin-Ma. Ya ce Yaya ta ce ɗaya ta mutu, biyu kuma ba su da lafiya, sun saki fukafukai, sun daina ci, jan wuyansu ya koɗe. Ta ce tana roƙo in bar ta ta yi hayaki, ko ta maido su cikin gida kusa da madafa, don da yamma sauro kan rufe kawunansu baƙi ƙirin, tunda nan ba gashi. Na aika mata da wani garin magani da muke da shi a sito, mai mayar da ruwa ja, na ce ta riƙa zuba masu a ruwan sha. Zancen hayaki kuwa na ce a gaya mata maganata tana nan. Ban je ba. Na ce aiki ya yi yawa, hanya kuma ta lalace. Hanyar ta lalace da gaske, amma masu jakuna suna bi.

Saƙo na biyu ya zo bayan mako biyu, cewa saura uku. A ranar kuma wani mutumin ƙauyen, da muka haɗu wajen masu goro, ya ce mani cikin hira ya ga farin gashi a jujin bayan gidan Yaya, irin na abin da aka fige. Bai faɗa da mugun nufi ba, ina jin. Ni na ɗauki maganar na tafi da ita gida na yi ta juya ta. Na ce yaya za a yi kajinta da zabinta suna nan lafiya garau, a gida ɗaya, nawa ne kaɗai ke mutuwa? Matata ta ce in ji tsoron Allah, Yaya ce fa. Na ce ban ce komai ba.

Ranar wata kasuwar Kurfi ofis ya aike ni can da takarda. Da na gama na shiga kasuwa, na tarar da mijin Yaya zaune a rumfar mai tsire tare da mutanen Tamawa biyar ko shida. Ya hango ni ya ce ga akawun taki nan, a matsa mashi kada wandonsa ya ɗauki ƙasa. Aka yi dariya, na zauna.

Na ce, "Sarkin malmala, ka yi ƙiba. Kumatun nan ba na dawa ba ne. Ashe naman talo-talo na karɓar mutum haka?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce ai da ya san za su mutu a banza da tuni ya fara da babban, ya huta da kukansa. Da na tsaya nan, da wasa ne kamar kowane wasa. Ban tsaya ba. Na ce in an dafa na gaba a rage mani ko da ƙafa ce, in ɗanɗana abina. Dariyar ta ragu. Sai na ƙara, ina murmushi, na ce in kuma sayarwa ake yi, a gaya wa Yaya ta faɗa mani kasuwar da ake kai su, in je in sayo kayana.

Ba wanda ya yi dariya. Wasan da ke tsakanin mutum da mijin yayarsa a kan su biyu yake tsayawa, ba a sa matar a ciki, balle a gaban mutanen garinta. Kowa a rumfar ya san wannan, ni ma na sani. Na fake da wasan ne don in faɗi abin da ba zan iya faɗa mata ido da ido ba, in kuma an tuhume ni in ce ai raha ce. Mijin Yaya ya ajiye tsinken da ke hannunsa, ya goge yatsunsa a hankali, ya ce, "Za ta ji, Malam." Bai taɓa kirana Malam ba sai ran nan. Daga Kurfi zuwa Tamawa ba nisa. Na hau kekena na juyo Dutsin-Ma.

Kwana huɗu bayan haka, wajen la'asar, na dawo daga aiki aka ce ina da baƙi a ƙofar gida. Yaya ce da mijinta da jaki ɗaya. Tun asuba suka taso, ƙafafunsu duk taɓo. Shi ya tsaya can gefe riƙe da igiyar jakin, ya gaishe ni gaisuwar da ake yi wa wanda ba a saba da shi ba. Ita ta sauke kwanduna biyu a bakin zaure. A ɗaya akwai mace guda da ta rage da rai, a kwance, idonta a lumshe. Ɗayan an rufe shi da ganye, kuma tun kafin ta buɗe na ji warin.

A ƙasarmu idan ka ba makiyayi dabba ta mutu a hannunsa, yakan kawo maka fatarta ko kanta, don ka gani da idonka ba sayarwa ya yi ba. Tsakanin bare da bare ake yin haka. Ban taɓa jin 'yar'uwa ta yi wa ɗan'uwanta ba.

Ta tono su daga inda ta binne su, duka shida, ta barbaɗe su da toka. Ta durƙusa ta riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a ƙasa. Na farkon sun zama ƙashi da gashi, amma ƙasusuwan a haɗe suke, ba abin da ya ɓace. Na baya-bayan nan kuwa ana gane komai. Ta riƙa ɗaga wuyansu tana nuna mani ba yanka, mushe ne, ba Musulmin da zai ci. Da ta zo kan ɗaya ta dakata.

Ta ce, "Wannan maigidana ne ya yanka da ya ga tana shure-shure, don kada ta tafi a banza, mu aiko maka da naman. Na fige, muka buɗe, hantar ta kumbura ta yi baƙi, saifar ma haka, jinin kamar ruwa. Na ce ba zan aika maka da wannan ka ci ba. Shi ne gashin da aka gani. Ƙirga su."

Na ce, "Haba Yaya, wasa ne fa nake yi da shi."

Ta ce, "Ƙirga su."

Mutanen gidan sun fito sun tsaya. Na ƙirga a fili, ɗaya zuwa shida, da mai ran bakwai. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce ta bi duk abin da na ce, ko sau ɗaya ba ta yi masu hayaki ba, har nata hayakin na awaki ta matsar da shi gaban gida don kada iska ta kai masu. Matata ta fito ta riƙe hannunta tana roƙonta ta shiga ta huta. Ta karɓi ruwa ta sha a tsaye, ta yi mata godiya, ta sa mata albarka. Ba ta shiga ba. Da ta shiga da ta ga tagar. Suka kwana gidan wata mata 'yar garinsu da ke aure a bayan kasuwa, da safe suka koma. Ni na haƙa rami a bayan gari na sake binne su.

Washegari na ɗauki mai ran na kai wa malamin dabbobi, wani mutum mai natsuwa da ya yi karatun aikin a kudu da mu. Ban kai ta don ta warke ba. Ina neman wanda zai ce mani cutar kajin gari ce ta kama su, ko wani abu suka ci, don in samu abin riƙewa. Ya duba bakinta da idonta, ya ɗaga fiffike ya soki jijiya da allura, ya shafa ɗigon jinin a kan ɗan gilashi, ya ce zai aika babban ɗakin bincike, amsa takan daɗe. Bayan kwana biyu ta mutu.

Amsar ba ta zo ba sai da aka fara girbin gero. Ya aiko aka kira ni. Ya ce zazzabin cizon sauro ne, amma na tsuntsaye, ba irin namu ba, mutum ba ya ɗauka daga gare su. Sauro ya ciji tsuntsun daji ko na gida mai ɗauke da cutar, ya zo ya ciji wani, ƙwayar ta shiga jini ta cinye shi. Na tambaye shi don me kajin Yaya ba su mutu ba. Ya ce tsuntsayen da aka haifa a nan kaka da kakanni sun saba da ita, suna yawo da ita a jikinsu ba ta kayar da su. Baƙo ne take kamawa, musamman wanda aka tsare wuri ɗaya ba ya iya matsawa.

Ya jawo wani littafi na Turanci ya nuna mani hoton wata tsuntsuwa da ban taɓa gani ba, bayanta baƙi, ƙirjinta fari, tana tsaye cak kamar mutum a kan ƙanƙara. Ya ce sunanta fengwin, ba ta tashi sama, iyo take yi a teku mai sanyi inda sauro ba shi da yawa ko babu shi sam. Ya ce Turawa kan kamo su su ajiye a gidajen kallon namun daji, su yi masu tafki, su ba su kifi, amma idan lokacin zafi ya zo wannan zazzabin kan shiga cikinsu ya kashe su, wani lokaci ba tare da an ga alamar ciwo ba. Na daɗe ina kallon hoton. Na ji tausayinta, an ɗauko ta daga inda Allah ya ajiye ta don mutane su yi kallo.

Sai ya tambaye ni ina aka ajiye nawa. Na ce gefen kududdufi. Ya girgiza kai. Ya ce ba a sa masu waya ba? Na ce babu. Na tambaye shi, kamar tambayar wucewa, da an yi masu hayaki da yamma fa? Ya ce ba zai rantse ba, amma da wataƙila wasu sun kai kaka, matan ƙauye ba a banza suke yinsa ba.

Nunin amfanin gona ya zo ya wuce, ni na jera kujeru. Na yi wata guda ina cewa gobe zan je Tamawa. Ran da na je, na tsara maganata a kan keke tun daga Dutsin-Ma. Zan fara da amsar malamin dabbobi, in faɗi abin da Baturen ya gaya mani, in faɗi inda wayar take, in roƙe ta gafara ita da mijinta.

Na same ta a masussuka tana shiƙar gero ita da wata maƙwabciyarta. Ta amsa gaisuwata da kyau, ta tambayi matata, ta ce a shimfiɗa wa Malam tabarma. Tun daga ranar kwandunan ba ta ƙara kirana Auta ba. Na zauna na ba ta labarin gilashin da jinin da sauron, har da tsuntsuwar ƙanƙara. Na faɗe shi kamar mai kawo sanarwa daga ofis. Maƙwabciyar ta yi ta mamaki, ta ce ashe har tsuntsu na yin masassara. Yaya ba ta daina shiƙa ba. Da na gama ta ce ashe dai sauron ne. Na ce shi ne, kin faɗa tun farko.

Ta sauke ƙwaryar ta dube ni. Ta ce, "Shi Baturen da ya ba ka su, bai san da wannan ba? Bai gaya maka komai ba?"

Ga maƙwabciya tsaye tana saurare. Ga kunyar da na riga na sha a ƙofar gidana. Na ce, "Bai faɗa ba."

Ta ci gaba da kallona kaɗan, sannan ta ɗauki ƙwaryar ta juya wa iska baya. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ban san ko ta yarda ba. Ita ta koya mani magana, ta san yadda fuskata take idan na yi ƙarya tun ina satar ƙuli-ƙuli a tukunyarta. Na ci tuwo a gidan, na ba mijinta haƙuri a kan zancen kasuwa, ya ce ya wuce. Ya wuce ɗin, amma bai sake tsokanata ba har ya bar duniya, kuma ni ma ban iya farawa ba.

Zumunci bai yanke ba. Ta zo sunan 'ya'yana duka, ta yi wa matata wankan jego na fari. Ni na riƙe ɗanta na biyu a gidana ya yi makaranta. Abin da ba ta sake yi ba shi ne karɓar kiwo daga hannuna. Na taɓa kai mata tunkiya bayan wasu shekaru, ta ce turkenta ya cika, in gwada gidan wane. Duk lokacin da na je da niyyar in gyara maganar sai in ga akwai mutane, ko ana biki, ko ana makoki, ko kuma muna hira mai daɗi in ce kada in ɓata. Na yi ta samun dalili har na yi furfura.

A shekarunta uku na ƙarshe hankalinta ya fara tafiya. Takan tambayi mutanen da suka daɗe da rasuwa, takan manta ta ci abinci. Cikin azumin da ya wuce 'yarta ta aiko cewa jiki ya yi nauyi. Na je na same ta kwance a ɗaki, ta ƙanƙance. Na roƙi matan da ke wurin su ba mu wuri, suka fita. Na zauna kusa da kanta na faɗa mata duka. Na ce Baturen ya gaya mani har sau biyu. Na ce wayar da ya ba ni don su na buga ta a tagata don a yaba mani. Na ce ni na kashe su, na ɗora mata laifin a kasuwa, kuma da ta tambaye ni a masussuka ƙarya na yi. Na ce ta yafe mani.

Ta saurare ni har na gama, idonta a kaina. Ta ce Allah sarki, wannan mutum bai kyauta ba. Ta tambaye ni ko 'yar'uwar tasa tana da rai. Na ce tana nan. Ta ce to ya je ya same ta, kada ya ɓata lokaci. Daga nan ta rufe ido, barci ya ɗauke ta. Na zauna har aka kira la'asar, na fita na yi alwala.